Tambaya da Amsa: An Ce Faifan Bayana Ya Tsage, Ina Makomata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ni ɗan kasuwa ne mai sayar da atamfa da shadda a Kano, shekaruna 41. Kimanin wata huɗu da suka wuce na sunkuya zan gyara wata dila a shago, sai na ji abu ya soke ni a ƙugu, na kasa miƙewa sai da yaran shago suka kama ni. Ciwon ya ragu, amma har yau bai rabu da ni ba. Ya fi tsananta idan na daɗe a zaune, ko na yi tari ko atishawa, ko kuma da asuba idan na sunkuya wanke ƙafa a alwala. Ƙafafuwana lafiya lau suke, ba sa zugi, kuma fitsari da bayan gida babu wata matsala. Na yi hoton MRI, wato hoton asibiti mai nuna cikin jiki, takardar sakamako ta ce akwai tsagewa a faifan da ke tsakanin L4 da L5. Wani abokina ya ce idan ban fita waje an yi mini tiyata ba, ƙarshenta shanyewa zan yi. Shin abin da ya tsage yana haɗewa? Kuma da gaske ne sai an yi aiki? Daga mai karatunku a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi. Bisa abin da ka bayyana, babu wata alama da ke nuna kana kan hanyar shanyewa, kuma tiyata ba ita ce matakin da ya dace da kai yanzu ba. Amma tun da tsoro ba ya fita daga zuciya sai an san dalili, bari in yi maka bayanin abin da ke cikin bayan naka.

Gadon bayan mutum jerin ƙananan ƙasusuwa ne guda 33: bakwai a wuya, 12 a bayan ƙirji, biyar a ƙugu, sauran kuma sun manne da juna a can ƙasa wajen mazauni. Biyar ɗin ƙugu su ne likitoci ke lissafawa daga sama zuwa ƙasa da L1 har L5, saboda haka faifanka da ake magana yana tsakanin na huɗu da na biyar, wato wurin da, tare da faifan da ke ƙasansa, ya fi kowane ɗaukar nauyin jiki da wahalar sunkuyo. Faya-fayan nan guda 23 ne a jikin mutum, kuma aikinsu shi ne aikin gammo tsakanin kai da kaya: suna raba nauyi, suna hana ƙashi gogar ƙashi, suna kuma barin baya ya lanƙwasa. Kowane faifai yana da sassa biyu. Tsakiyarsa abu ne mai laushi da danƙo wanda galibinsa ruwa ne, kewayensa kuma zobba ne na zaruruwa masu tauri, tsakanin 15 zuwa 25, a jere wani cikin wani, zaren kowane zobe ya gitta na maƙwabcinsa domin ƙarin ƙarfi. Tsagewar da aka rubuta maka a cikin waɗannan zobba take. Wani lokaci zobe ne ke rabuwa da ɗan'uwansa, wani lokaci tsagar kan taso daga tsakiya ta ratsa zobban ta nufi waje, wani lokaci kuma a gefen da faifai ya manne da ƙashi take faruwa.

Abin da ke sa wata tsagar ta yi ciwo wata kuma ta zauna shiru shi ne cewa jijiyoyin jin zafi ba su shiga cikin faifai ba, sun tsaya ne a kashi ɗaya cikin uku na wajensa. Muddin tsagar tana can ciki, mutum ba zai san da ita ba. Idan ta kai bakin waje, sinadaran da ke cikin laushin tsakiya sukan tsiyayo su taɓa waɗannan jijiyoyi su jawo kumburi, daga baya kuma sababbin ƙananan jijiyoyi kan tsiro su bi tsagar zuwa ciki, wurin da a da babu su. Duk abin da ya ƙara matsi a cikin faifan, kamar dogon zama, tari, atishawa da yunƙuri, zai tayar da ciwon, kuma wannan shi ne ainihin abin da ka lissafa. Batun asuba ma yana da dalilinsa: da rana nauyin jiki yakan matse ruwa daga faya-fayan, da dare kuma su sake sha su cika, har mutum kan fi tsawo da safe da kimanin santimita ɗaya ko fiye. Faifan da ya cika tim ba ya son a lanƙwasa shi, shi ya sa sunkuyon farkon safiya ya fi kowane zafi.

Game da shanyewa, ka sani cewa laka, wadda ita ce babbar igiyar da ke ɗauke da saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi, a jikin baligi tana ƙarewa ne wajen L1 ko L2. Daga nan zuwa ƙasa rassan jijiyoyi ne kawai ke sauka, kuma tsagewar da ba ta fitar da komai ya danne su ba, ba ta hana ƙafa aiki.

Shin tana haɗewa? Tana warkewa, amma a hankali, kuma ba lallai ta koma yadda take ba. Cikin faifan baligi babu hanyoyin jini. Abincinsa yana ratsowa ne sannu a hankali daga ƙasusuwan da ke sama da ƙasansa, kuma motsin jiki yana taimaka wa wannan shige da fice. Gefen waje, inda jini ke ɗan kaiwa, yakan yi tabo ya rufe, kumburin ya lafa, ciwon ya tafi, alhali idan aka sake hoto bayan shekaru ana iya ganin alamar tsagar tana nan. Wannan ne ya sa ba na son mutane su riƙa auna lafiyarsu da takardar hoto. A shekarar 1994 wasu likitoci a Amurka sun ɗauki hoton MRI na mutum 98 waɗanda ba sa ciwon baya ko kaɗan, sai aka samu kashi 36 cikin ɗari ne kawai dukkan faya-fayan ƙugunsu suka fito lafiya, fiye da rabi kuwa suna da aƙalla faifai ɗaya da ya bunƙuro. A 2015 an tattara bincike 33 da suka ƙunshi mutum sama da 3,000, su ma marasa ciwo, aka ga cewa kashi 19 cikin ɗari na 'yan shekara 20 suna da irin tsagewar nan taka, a cikin 'yan shekara 80 kuma kashi 29. Ma'ana, a cikin mutanen da kake sahu ɗaya da su a masallaci akwai masu ɗauke da ita da yawa, suna harkokinsu ba su sani ba. A wajenka alamomin sun dace da faifan, don haka mai yiwuwa ne shi ne tushen ciwon, amma abin da za a yi wa magani shi ne ciwon da raunin da ya jawo wa tsokokinka, ba layin da aka gani a hoto ba.

Kada kuma ka ɗora wa dilar nan dukkan laifi. Binciken da aka yi shekara da shekaru a kan tagwaye a ƙasar Finlan ya nuna cewa abin da aka gada daga iyaye yana da babban hannu a yadda faya-fayan mutum ke tsufa, fiye da yadda aka zata a da, kuma tagwayen da ke shan taba faya-fayansu sun fi na 'yan'uwansu lalacewa. Galibi nauyin da mutum ya ɗaga ranar da abin ya faru yakan tarar da faifan ne ya riga ya fara bushewa. Duk da haka yadda ake ɗaga kaya yana da tasiri. A 1999 masu bincike a Jamus sun sa na'urar awo a cikin faifan L4 da L5 na wani mutum mai lafiya da ya amince, suka ga cewa matsin da ke ciki idan yana tsaye ya ninka na kwanciya kusan sau biyar, idan kuma ya sunkuya da baya a lanƙwashe ya ɗaga kilo 20, matsin ya ninka na tsayuwa fiye da sau huɗu. Da ya riƙe kayan a manne da jikinsa, matsin ya ragu da kusan rabi. Don haka idan ya zama dole ka ɗauki abu, ka matso kusa da shi, ka lanƙwasa gwiwa, ka rungume shi, kuma kada ka murɗa ƙugu kana ɗauke da shi. Ka juya da ƙafafunka. Dila kuwa ka bar wa 'yan dako biyu a yanzu.

Maganin da ya fi ƙarfin hujja shi ne wanda mutane suka fi rainawa, wato motsi. Kwanciyar da ta wuce yini ɗaya ko biyu tana ƙara sanƙarar da baya ne da raunana tsoka. Ka fara tafiya a ƙasa mai laushi kullum, gwargwadon abin da za ka iya ba tare da ciwon ya tashi ya kwana ba, kana ƙara tsawonta mako bayan mako. A shago kada ka wuce rabin sa'a a zaune ba ka miƙe ka ɗan taka ba, kuma kujera mai majingini da ɗan matashi a ramin ƙugu ta fi maka zaman benci ko zama a kan tulin yadi. Sa'a ɗaya ko biyu na farkon safiya ka kauce wa sunkuyo mai zurfi: ka yi alwala a zaune a kan kujera, ka ɗago ƙafar zuwa gare ka maimakon ka bi ta ƙasa. Idan ruku'u da sujada suna tayar da ciwon, shari'a ta yi rangwame ga marar lafiya ya yi salla a zaune, kamar yadda ya zo a hadisin Imrana bin Husaini, kuma malamin unguwarku zai nuna maka yadda ake yi. Sai dai ka ɗauke shi na ɗan lokaci, domin burinmu ka koma cikakkiyar sallarka. Da dare ka kwanta a gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, ko rigingine da matashi a ƙarƙashinsu. Gashi da ruwan ɗumi a tawul yana sassauta tsokar da ta ɗaure.

Tun da ciwon ya haura wata uku, ya shiga sahun wanda ake kira daɗaɗɗe, kuma a nan ne ganin ƙwararren mai gashin ƙashi ya zama dole. Ina nufin wanda zai duba ka ya tsara maka atisayen ƙarfafa tsokokin ciki da na baya da na ɗuwawu, ka yi su a gida kullum na tsawon wata biyu zuwa uku, ba wanda zai kwantar da kai ƙarƙashin fitila mai zafi ya sallame ka ba. A garinka akwai Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, dukkansu suna da wannan sashe. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a 2020, ta fitar da ƙa'idojin kula da daɗaɗɗen ciwon baya a watan Disamba na 2023, kuma abin da ta sa a gaba shi ne ilimantar da marar lafiya, atisaye, tausa da makamantanta, taimakon masana halayyar ɗan Adam ga wanda tsoro ya hana shi motsi, da magungunan rage kumburi irin su ibuprofen. Waɗannan magunguna a sha su bayan cin abinci, na 'yan kwanaki idan ciwon ya motsa, kuma mai gyambon ciki, ciwon ƙoda, hawan jini ko ciwon zuciya kada ya sha sai da izinin likita.

Saura tiyata. Aikin da ake yi wa mai ciwon faifai wanda bai danne jijiya ba shi ne a cire faifan a haɗe ƙasusuwan biyu da ƙarfe su zama ɗaya, ko a sa faifan roba da ƙarfe. An gwada haɗe ƙashin nan da tsararren shirin atisaye a Norwe a 2003, aka sake gwadawa a Birtaniya a 2005 a kan mutum 349, kuma bambancin da aka samu tsakanin waɗanda aka yi wa aiki da waɗanda aka horar kaɗan ne ƙwarai, ga shi aikin yana da haɗarinsa, kuma yana ƙara wa faifan da ke sama da wurin nauyi. Akwai kuma wani gwaji da ake soka allura cikin faifai a tura ruwa domin a ga ko shi ne ke ciwo. Wani bincike na Jami'ar Stanford da aka buga a 2009 ya nuna cewa faya-fayan da aka soka sun fi saurin lalacewa bayan kimanin shekara goma. Allurai masu tsada da ake tallatawa a intanet da sunan suna liƙe tsagar ko suna sabunta faifai, hujjarsu ba ta kai a ce mutum ya taɓa jarinsa dominsu ba. Kuɗin jirgin nan da abokinka ke so ka kashe, kaɗan daga cikinsa zai biya maka mai gashin ƙashi na wata uku. Idan ka yi haka da gaske ciwon bai sassauta ba, ko wata sabuwar alama ta ɓullo a ƙafa, sai ka koma wa likitan ƙashi a sake lissafi.

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Maigidana ɗan kabu-kabu ne a Maraɗi. Ya daɗe yana ciwon ƙugu, amma makonni uku ke nan ciwon ya sauko ta ɗuwawun hagu, ya bi bayan cinya har tafin ƙafa, kuma gefen ƙafar ya yi masa dindiris. Kullum sai ya sayi haɗin ƙwayoyi wajen masu tallar magani, wani lokaci har da tramol, sannan ya iya fita aiki. Shin ciwon nan ɗaya ne da tsagewar faifai da muke ji? Me ya kamata mu yi? Daga wata uwargida a Maraɗi.

AMSA: Barka kadai, Hajiya, Allah ya ba maigida lafiya. Abin da kika bayyana ya fi kama da mataki na gaba da tsagewa, wato laushin tsakiyar faifai ya bi ta tsagar ya fito waje ya taɓa reshen jijiyar da ke sauka ƙafa. Rassan da ke fita daga ƙasan ƙugu su ne ke haɗuwa su zama babbar jijiyar da ta bi bayan cinya, wadda ta fi kowace jijiya kauri a jiki, shi ya sa matsalar tana ƙugu amma zugin yana tafin ƙafa. Tun 1934 wasu likitoci biyu a birnin Boston, Mixter da Barr, suka tabbatar da wannan alaƙa, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na irin wannan fitowa a ƙugu tana faruwa ne a faya-fayan nan biyu na ƙasa.

Labari mai daɗi shi ne yawancin masu wannan ciwo suna samun sauƙi cikin mako shida zuwa 12 ba tare da aiki ba. Jiki yakan ɗauki abin da ya fito a matsayin baƙo, ya turo ƙwayoyin da za su cinye shi, kuma binciken da aka tattara ya nuna cewa a kusan biyu cikin uku na masu shi abin yana raguwa ko ya ɓace da kansa. A wani gwaji da aka yi a ƙasar Holan a 2007, waɗanda aka yi wa tiyata da wuri sun riga samun sauƙin ƙafa, amma bayan shekara guda su da waɗanda suka jira sun zo kusan daidai. Don haka aikin cire guntun da ya danne jijiya yana da amfani ga wanda zugin ya ƙi lafawa bayan wata biyu ko uku, ko wanda ƙafarsa ke ƙara rauni, kuma wannan aiki ya bambanta da haɗe ƙashin da na yi wa mai tambayar farko bayani. Allurar rage kumburi da ƙwararru ke yi kusa da jijiyar tana iya ba da sauƙi na makonni kafin jiki ya gama nasa aikin.

Akwai alamomin da ba a kwana da su. Idan fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba bai sani ba, ko bayan gida ya kufce masa, ko ya daina jin taɓi a tsakanin cinyoyi da al'aura da kewayen dubura, ko ciwon da raunin suka kama ƙafa biyu, to a kai shi babban asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne, domin hakan na nufin an danne dukkan rassan jijiyoyin da ke ƙasa, kuma jinkirin kwana ɗaya ko biyu yana iya barin lahani na har abada. Ki kuma sa shi ya gwada takawa a kan dugadugansa, sannan a kan yatsunsa. Idan ƙafar hagu ta kasa ɗagowa, ko takalmi yana zame masa, ko yana jan ƙafar, ya ga likita cikin makon nan. Ko babu wannan ma, dindiris ɗin da kika ambata ya isa dalilin a duba shi.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne ƙwayoyin. Haɗin da ake ƙullawa a leda sau da yawa yakan ƙunshi magungunan rage kumburi iri biyu a tare, wani lokaci da dangin deksametason, wani maganin kumburi mai ƙarfi, kuma shan su kullum yana huda ciki, yana kashe ƙoda, yana tayar da sukari da hawan jini. Idan kin ga bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin, ko yana ciwon ƙahon zuciya, ko fuskarsa da ƙafafunsa suna kumbura, wannan ma na asibiti ne. Tramol kuwa yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi, yana jawo farfaɗiya idan ya yi yawa, ga haɗarin tuƙi da shi a jiki. Wani gwaji da aka yi a Ostareliya aka buga a 2023 ya nuna cewa maganin da ke ajinsu ɗaya da tramol bai fi ƙwayar da babu komai a cikinta rage sabon ciwon baya ba bayan mako shida. Idan ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, likita ya rage masa a hankali. Na san cewa a ce wa mai neman na cefane ya ajiye babur magana ce mai nauyi, amma girgizar babur a kan hanya mai ramuka, ga zama a sunkuye, tana daga cikin abubuwan da ke hana wurin lafawa. Ko da mako biyu ne ya ba wani amintacce ya ja suna rabawa, shi kuma yana tattaki a unguwa, in ya koma aiki ya riƙa sauka yana miƙewa tsakanin fasinja da fasinja.

TAMBAYA: Likita, mahaifina manomi ne kuma makiyayi, ya haura shekara 60. Wata uku ke nan yana ciwon tsakiyar baya wanda ya fi tsanani da dare, yana zazzaɓi da gumi, ya rame sosai, kuma wani ƙashi ya fara tasowa a bayan nasa. Ni an taɓa ce mini ina da matsalar faifai, shi ne nake ba shi irin maganina. 'Yan'uwa suna so a kai shi wajen mai ɗori. Daga wani ɗalibi a Gusau.

AMSA: Malam, ka dakatar da ba Baba maganinka, kuma don Allah kada a bari kowa ya danna ko ya ja bayan nan. Abin da ka lissafa ba siffar tsagewar faifai ba ce. Ciwon faifai yakan lafa idan an kwanta, kuma ba ya zuwa da zazzaɓi ko rama. Ciwon da ke tayar da mutum daga barci, tare da gumin dare da rama da ƙashin da ke tasowa, abu na farko da likita zai yi zargi a ƙasarmu shi ne tarin fuka na ƙashin baya, wanda likitan Ingila Percivall Pott ya siffanta tun 1779. Ƙwayar cutar tana cin jikin ƙashin har ya rufta ya fito da doro, kuma tana iya yin haka ko mutum ba ya tari. Tun da a tsakiyar baya ne, inda laka take, a nan haɗarin shanyewar ƙafafu na gaske ne, kuma matsar mai ɗori tana iya gaggauta shi. Ana warkewa idan an fara magani da wuri. Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati a Nijeriya, sai dai na ƙashi yana ɗaukar watanni masu yawa, sau da yawa har shekara, kuma ba a yanke shi don an ji sauƙi.

Akwai wasu abubuwa biyu da za a bincika. Kasancewarsa makiyayi, akwai cutar da ake ɗauka daga madarar da ba a tafasa ba ko daga taɓa mahaifar dabbar da ta yi ɓari, wadda ita ma tana kama ƙashin baya da zazzaɓi mai zuwa yana komawa. Sannan a shekarunsa, sankarar ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza tana yawan bazuwa zuwa ƙashin baya, don haka ka gaya wa likita idan fitsarinsa ya canja. Ku kai shi babban asibiti cikin kwanakin nan, a yi hoton baya da na ƙirji da gwajin jini, kuma a hanya ya kwanta a miƙe maimakon zama a bayan babur.

TAMBAYA: Ni malamar makaranta ce, an ce ina da ƙaramar tsagewa a faifai. Wasu sun ce basir ne in sha jiƙo, wasu sun ce in yi ƙaho, wata ta kawo mini bel na ɗaure ƙugu, surukata kuma ta ce in koma kwana a kan tabarma. Wanne zan ɗauka? Daga Zariya.

AMSA: Malama, basir kumburin jijiyoyin jini ne a dubura, kuma babu hanyar da ta haɗa shi da faifai, saboda haka jiƙon da ke sa zawo ba zai taɓa ciwonki ba, sai dai ya rage miki ruwan jiki. Alaƙar da ke akwai ita ce yunƙurin da mai taurin bayan gida ke yi yana ƙara matsi a faifai, wannan kuwa shan ruwa da cin ganye da 'ya'yan itace ke gyara shi. Ƙaho yana aiki ne a fata da tsokar da ke ƙarƙashinta, faifai kuma yana can ciki bayan tsoka da ƙashi, ba ya kai gare shi. Wasu sukan ji sassauci na ɗan lokaci, kuma idan kin zaɓi yi, ki tabbatar da sabuwar aska ce aka buɗe a gabanki, kayan kuma an tsabtace su, saboda ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini. Bel ɗin kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar amfani da shi ga daɗaɗɗen ciwon baya ba. In kin ɗaura shi don wata doguwar tafiya a mota babu laifi, amma kada ya zama tufafin kullum ya maye gurbin atisaye.

Surukarki tana da rabin gaskiya, domin katifar da ta lotsa ta yi rami a tsakiya tana ƙara ciwo. Sai dai wani gwaji da aka yi a Sifen a 2003 a kan mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu ya nuna cewa waɗanda suka kwana a katifa mai matsakaicin tauri sun fi waɗanda suka kwana a mai tauri sosai samun sauƙi bayan wata uku. Idan taki ta lotsa kuma babu halin sabuwa yanzu, ki sauke ta ƙasa ko a sa katako a ƙarƙashinta. A aji kuma ki riƙa cakuɗa tsayuwa da zama da tafiya tsakanin layukan ɗalibai, littattafan da za ki duba kuma ki raba su gida biyu kafin ki ɗauka.